Littafin Balbela da Ban Taɓa Buɗewa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Allah ya ƙara miki lafiya da ƙarfin ƙafa a kan wannan tsayuwa ta asibiti, ya sa hannunki ya zama sanadin waraka ga duk majinyacin da kika taɓa, ya kuma dawo mana da ke gida cikin aminci. Mu ma nan lafiya, sai godiyar Allah. Baba yana nan da ƙarfinsa, ciwon gwiwar ya yi sauƙi, idon ne dai yake ta ƙara ja da baya. Har yanzu bai yarda a taɓa keken ɗinkinsa ba, kullum sai ya goge shi ya sa masa mai, alhali rabon da ya zura zare a allura an fi shekara biyu. Maigidana yana kan hanya kamar kullum, babbar motar ta fi ni ganinsa. Goggo ta zo ta yi mana mako guda, ta gyara mana zaman kowane kwano a gidan, ta tafi ta bar ni ina neman ludayi.

Yaya, na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da ba na iya kwana biyu ban cika miki kunne a waya ba. Sau uku ina danna lambarki ina kashewa kafin ta shiga. Abin da ke bakina ya fi ƙarfin in faɗe shi ina jin numfashinki. Kafin gabanki ya faɗi, bari in fara da cewa 'yarki Balbela tana nan da ranta, tana ci tana sha, dogayen ƙafafun nan da suka jawo mata sunan sun ƙara tsawo, har ta fara taɓo sakatar ƙofa. Amma kunnenta ba ya ji sosai, kuma an yi wata huɗu ana aiko mini da labarin a rubuce har cikin gidana ban karanta ba. Na rubuta wannan layin na ajiye biro na daɗe ina kallonsa, don ni kaina har yau ban gama yarda cewa ni ce ba.

Kin tuna ranar da za ki tafi aiki ƙasar waje, da Goggo ta ce ki bar mata yarinyar, kika ce a'a, wurin ƙanwarki za ta zauna, tunda sana'arta ke nan, ita ce mai koya wa iyayen gari yadda ake kula da karatun ƙananan yara. Na ji daɗin maganar nan har kaina ya kumbura. To bari in gaya miki yadda aikin namu yake, don ki gane ta inda na faɗi. Ƙungiyarmu tana tsaye ne tsakanin gida da makarantun nazare. Kowane yaro muna ba shi ɗan littafi mai koren bango da yake yawo a jakarsa. Malama ta rubuta abin da ta lura da shi a aji, a gida a karanta, a ja alama a wani ɗan gurbi da ke ƙasan shafi don ta san an gani. Ni na kawo shawarar gurbin nan shekara uku da suka wuce, saboda iyayen da ba su iya rubutu ba, har aka tafa mini a taro. Muna kuma da dokoki biyu da muke alfahari da su. Ma'aikaciya ba ta leƙa makarantar da yaron gidanta yake, don kada malamai su ji nauyinta. Sannan idan aka kira iyaye sau uku ba su zo ba, ana kawo maganar gaban kwamiti ba suna ba adireshi, sai lamba kawai, don kada a ci mutuncin kowa.

Ranar Talatar da ta wuce ta sama muka zauna kwamiti, mu bakwai a ɗakin taronmu mai fankar nan da take kuka kamar ana yanka ta. Shugabarmu, wadda muke kira Mai Jan Biro a bayan idonta, ta ɗauko fayil na talatin da ɗaya ta karanta. Yarinya ce 'yar shekara huɗu da rabi, mai natsuwa, mai son zane. Malamarta ta rubuta wa gida sau shida cewa idan an kira ta ba ta waiwayowa, ta daina shiga waƙa da sauran yara, kalmominta sun fara fita a tauye, don Allah wani ya zo a zauna. Duk shafuka shidan an ja musu alamar an gani, ba wanda ya zo. An kira lambar da ke jikin fom, a kashe take. Yaya, ban bari ta rufe baki ba na karɓe. Kin san halina idan na samu fili. Na ce irin wannan gida ya fi kowane gida ba ni haushi, gara uwar da ta dawo da littafi ba alama, ita aƙalla ba ta yi wa malama ƙarya ba. Na ce wannan uwa ko mai riƙo, ko wace ce, ta mai da yarinya kamar kayan da aka ba ta ajiya a lungu. Na ce ina ma a ce a gabana take in tambaye ta abin da ya fi kunnen 'yarta muhimmanci. Na wanke matar nan tas, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, abokan aikina suna ta gyaɗa kai. Kwafin shafukan yana zagaya tebur, ya zo gabana na tura shi gaba ko kallo ban yi ba, saboda bakina bai gama ba.

Mai Jan Biro ta yi murmushi ta ce tunda abin ya taɓa ni haka, ni zan kai ziyarar. A ƙa'idarmu, sai an tashi taro ake miƙa wa wadda za ta je ambulan a manne, a ciki ne suna da adireshi suke, shugabar kanta ba ta buɗewa. Na karɓa na fito baranda ina tafe ina yagewa, har ina lissafin motar da zan hau. Na ga sunan layinmu, na ce ikon Allah, ashe maƙwabta ne, har na fara zargin matar mai shagon kan kwana. Sai na ga lambar gida. Sai na ga sunan da kika raɗa wa 'yarki, cikakke, da rubutun hannunki a kan kwafin fom. Yaya, ban san lokacin da na zauna a kan dakalin baranda ba.  Na zaro kwafin shafukan daga cikin ambulan ɗin, ga alamar nan a kowane gurbi, 'yar ƙugiya mai doguwar jela, irin wadda Baba yake yi da alli a jikin yadi tun muna yara. Lambar wayar kuwa da aka yi ta kira, tsohon layinki ne, wanda yake kwance a aljihun teburina tun ranar da kika tafi.

Yadda aka yi alamar Baba ta shiga littafin, ni ce. Motar makaranta ce take ɗaukar Balbela a ƙofar gida ta dawo da ita, ni kuma ina fita kafin ta zo, ina dawowa da yamma liƙis da matsalolin gidajen mutane cike da kaina. Tun makon farko na ce wa Baba idan ta dawo ya buɗe littafin ya ja alama, ni zan karanta daga baya. Daga bayan nan bai taɓa zuwa ba. A raina ina cewa me malamar nazare za ta gaya mini a kan yarinyar da take kwana a ɗakina, ni da nake horar da malaman. Da na isa gida ranar, tun kafin la'asar, na tarar da shi a zaure yana sauraron rediyo, ya ce lafiya na dawo da rana tsaka kamar an koro ni. Na tambaye shi ko ya san abin da ke cikin littafin. Ya ce shi fa rubutun malamar nan kamar tururuwa yake ganinsa, gurbin kawai yake laluba da yatsa ya ja abin da aka sa shi. Ya ce akwai ranar da ya ga shafi ya cika maƙil, ya kawo mini ya ce 'yar nan yau rubutun da yawa, ko za ki duba. Wai ina kan waya da wata uwa ina yi mata faɗa a kan rashin zuwa taro, na ɗaga masa hannu na ce Baba ka dai ja alamar. Na tuna ranar sarai. Har kalar mayafin da ke jikina na tuna.

Da na karanta masa abin da aka rubuta, tsohon nan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Daga baya ya ce ashe da hannunsa ya yi ta rufe wa jikarsa ƙofa. Na ce wallahi Baba ba kai ba ne, ni na ba ka sakatar. Don Allah Yaya, duk fushin da za ki yi, kada ko ɗigo ya faɗa kansa, kwana biyu ya yi bai kunna rediyonsa ba.

Na ciro littafin daga jakar Balbela na zauna na karanta shi daga bango zuwa bango. Takardar farko cikin ladabi take, malamar tana tambaya ko mun lura da wani abu a gida. Ta uku ta ce ta dawo da ita layin gaba, ta kuma lura idan ta tsaya ta hagunta kamar ba kowa a wurin. Ta shida layi biyu ce kawai, ta ce tana roƙonmu don girman Allah, yarinyar ta fara zama ita kaɗai a lokacin wasa. Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne duk abin da ta lissafa na gan shi da idona. Nakan kira ta daga kicin sau uku ba ta amsa ba, in fito in ce wannan yarinya akwai kunnen ƙashi, halin uwarta ta ɗauko. Takan manne da rediyon Baba har kumatunta ya taɓa shi, mu yi ta dariya muna cewa za ta shige ciki. Ke kanki kin yi mini ƙorafi cewa idan na ba ta waya sai ta yi shiru tana kallon bango, na ce miki fushi take yi da ke don kin tafi kin bar ta. Na sa ki kuka a kan abin da ba haka yake ba. Ba fushi take yi ba, Yaya, ba ta jin ki ne. Alamomin rashin jin nan guda biyar suna rubuce a allon da nake ɗauka gida-gida ina nuna wa mata, da hoton kunne a samansa, ni na zana shi.

Washegari na shiga ofishin Mai Jan Biro na ajiye mata ambulan ɗin na ce gidan nawa ne. Ta cire tabarau ta dube ni, ta mayar ta sake duba takardar, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta yi salati ta riƙe haɓa. Na ce in ta ga dama in rubuta takardar ajiye aiki. Ta ce ba ta da lokacin wannan wasan kwaikwayon, yarinya tana can ba ta ji ni kuma ina nan ina neman yadda zan wanke kunyata. Ta ce doka doka ce, gidan nan sai an kai masa ziyara kamar kowane gida, kuma ba ni zan ziyarci kaina ba. Kin san wa ta turo? Mai Kitso. Ba ki san ta ba, wata mata ce da ta girme ni, shekara huɗu da suka wuce gidanta ne a cikin ambulan, ni na je na zauna a tabarmarta na yi mata wa'azi a kan ɗanta har ta yi hawaye. Daga nan ta fara zuwa taron iyaye, ta zama 'yar sa-kai, bara aka ɗauke ta aiki sosai. Yanzu duk cikinmu ba wadda iyaye suke sakin jiki da ita kamarta.

Ta zo ranar Alhamis da hantsi, ta yi sallama, ta zauna a kujerar da kike zama, ta buɗe fom ɗin da ni na koya mata cikewa. Na shirya wa ramuwa, na ce yau zan sha abin da na dafa. Ta tambaye ni sau nawa a mako nake zama da yarinyar mu duba littafi tare, na ce ko sau ɗaya ban taɓa ba. Ba ta rubuta komai ba, ta rufe fom ɗin ta ce ƙanwata, ni ma ranar da kika zo gidana kawuna goma ne a layi suna jiran kitso, ba ƙin ɗana nake yi ba, hannuna ne ya cika. Ta ce abu ɗaya ta so in tambaye ta ranar ban tambaya ba, wato yaya take fama. Sai ta ce to ke yaya kike fama. Yaya, a nan na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya, a gaban matar da na taɓa ɗaga wa hanci. Ita ta raka ni makarantar. Malamar Balbela wata siririyar mata ce mai sanyin murya, da ta ji aikin da nake yi sai ta saki baki tana kallona, ta ce ai ta taɓa zama a horon da na bayar, har ta rubuta maganganuna a littafinta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu ga inda ake. Mun je wurin likitan kunne sau biyu. Ya ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenta, duka biyun, mai yiwuwa tun murar nan mai tsanani da ta yi bayan tafiyarki. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin sauran bayanin, na haɗo miki da kwafin takardunsa. Ya ce za a yi ɗan ƙaramin aiki a zuƙe ruwan a sa siririn bututu, kuma yana da kyakkyawan zato a kan na dama. Na hagun ne ya ce ba zai yi mini alkawari ba sai an shiga an gani, saboda ya daɗe. Na tambaye shi da an zo wata huɗu da suka wuce fa. Ya dube ni ya ce Hajiya, a bar wannan tambayar, ba ta da magani. An ba mu rana nan da mako uku, amma ba za su taɓa ta ba sai da sa hannun mahaifiya, nawa bai isa ba. Fom ɗin yana cikin wannan ambulan, inda na ɗiga biro nan za ki sa hannu. Don Allah ki karanta shi duka kafin ki sa, ki ɗauki hotonsa ki turo a ranar, takardar ta biyo baya.

Saura maganar da ta fi mini nauyi. Amana kika ba ni, na yi sakaci da ita, kuma duk watannin nan ina ce miki komai lafiya da bakin wadda ta sani. Idan kin ce a mayar da Balbela wurin Goggo, ko a shirya mata takardu ta biyo ki, ba zan ce uffan ba, da hannuna zan ninke mata kaya. Ina son yarinyar nan har cikin ƙashina, gidan nan ba ita zai zama kango a wurina, amma ba ni da bakin roƙo. Abu ɗaya kawai nake nema, ki bar ni in kai ta asibitin, in zauna a bakin ƙofar har a fito da ita. Bayan nan hukuncin naki ne. Na rage gidajen da nake zagayawa, ƙarfe huɗu tana yi mini a gida, muna buɗe koren littafin tare a tabarmar zaure, Baba yana gefe yana sa baki. A ofis kuma an cire gurbin nan nawa daga sabon bugun littafin, yanzu sai malama ta ji muryar wani daga gida kafin ta ɗauka an gani.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ba shi haƙuri a madadina, ban san da wane ido zan dube shi ba. Ki gaida ƙanwarsa da take zaune tare da ku, da abokiyar aikin nan taki mai dariya da take leƙo fuska idan muna waya. Baba yana gaishe ki, ya ce Allah ya yi miki albarka, ya ce kuma ki yafe masa, duk da na hana shi faɗa. Goggo da Kawu Mai Kanti da iyalansa duk suna miƙo gaisuwa, ban gaya musu komai ba tukuna sai na ji daga gare ki.

Kafin in rufe takardar na kira Balbela na ce me zan rubuta wa Mama. Ba ta juyo ba, sai da na zagaya ta damanta na durƙusa na maimaita a hankali. Ta yi tunani, ta ce in ce miki ita ba ta son Maman cikin waya, ba ta magana, baki kawai take motsawa. Sai ta ɗora yatsa a kan kunnenta na dama ta ce Mama ta zo ta nan ta yi mata magana. Na rubuta miki yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zuciyarki a kaina. Wassalam.

Taki mai jiran amsa,
Ƙanwarki, autar Baba